Idan gwamnati ta san sinadari na jawo kansa, me ya hana ta haramta shi?

Tambaya: Wata mai karatu da ke ɗauke da juna biyu ta rubuto cewa ta sayi fitilar tebur, sai ta ga 'yar takarda manne a jikin wayar, da alama mai kusurwa uku mai ruwan ɗorawa. An rubuta cewa kayan na iya haɗa mutum da sinadaran da jihar Kalifoniya ta san suna haddasa kansa, ko naƙasar jarirai, ko wata illa ga haihuwa. Hankalinta ya tashi. Tana so ta san ko ta jefar da fitilar. Sannan ta ce, idan har hukuma ta san abu yana cutarwa, me ya sa za ta bari a sayar da shi da ɗan rubutu kawai, ba ta hana shi gaba ɗaya ba?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki: ba sai kin jefar da fitilar ba. A irin waɗannan kayan lantarki, galibi robar da aka lulluɓe wayar da ita ake nufi, domin takan ƙunshi 'yar dalma ko sinadaran da ke sa roba ta yi laushi, waɗanda ake kira fitalet. Abin da zai shiga jikinki daga kunna fitila da kashewa kaɗan ne ƙwarai. Babbar hanyar shigarsu ita ce daga hannu zuwa baki. Don haka idan kin daɗe kina murza wayar ki wanke hannu kafin ki ci abinci, kuma idan jariri ya fara rarrafe kada a bar shi ya kai ta baki.

Tambayarki ta biyu ce ta fi nauyi, kuma ita ce mu da muke aikin lafiyar ma'aikata da nazarin guba muke fama da ita kullum. A ganina duk rigimar tana komawa ne ga abu guda: wa zai kawo hujja? Shin mai yin sinadarin ne zai nuna cewa ba ya cutarwa kafin ya sayar, ko kuwa hukuma ce za ta jira har ta tara hujjar cewa yana cutarwa kafin ta taɓa shi? Kowace doka da za ki gani a duniya amsa ce ga wannan tambayar, har da wadda ta sa aka manna takarda a jikin fitilarki.

Takardar ta samo asali ne daga wata doka da mutanen Kalifoniya suka amince da ita kai tsaye ta hanyar ƙuri'a a watan Nuwamba na 1986, da rinjayen kusan kashi 63 cikin 100. Ana kiranta Prop 65 a taƙaice. Ta ɗora wa gwamnatin jihar nauyin ajiye jerin sinadaran da aka san suna jawo kansa ko illa ga haihuwa, a riƙa sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Jerin farko da ya fito a 1987 sinadarai 29 ne a cikinsa. Yau sun kai kimanin 900. Ofishin da ke kula da shi ana kiransa OEHHA. Dokar ta ce abu biyu ga kamfanoni: kada su zuba sinadarin da ke cikin jerin a inda zai shiga ruwan sha, kuma kada su haɗa kowa da shi da saninsu ba tare da sun yi gargaɗi a fili ba. Kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 10 ba dokar ba ta hau kansa ba, haka ma hukumomin gwamnati. Ki lura cewa babu inda ta hana sayar da komai. Doka ce ta sanarwa. Kuma tun da kamfanin da ke sayar da kaya a ƙasashe da yawa ba ya son buga kwali na musamman don jiha ɗaya, sai takardar ta bi kayan duk inda suka je.

Shigar sinadari cikin jerin yana nufin an tabbatar yana iya cutarwa a wani yanayi, a wani adadi. Bai ce komai ba game da yawan abin da zai shiga jikinki. Wannan bambancin shi ne yake rikita mutane, har da 'yan jarida. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC, da aka kafa a 1965 a birnin Liyon na Faransa, ita ce babbar madogarar ƙasashe a wannan fanni, kuma ita ma haka take aiki. Tana kasa abubuwa gida-gida bisa ƙarfin hujja: rukuni na 1 an tabbatar yana jawo kansa ga mutane, 2A akwai kyakkyawan zato, 2B yana yiwuwa, na 3 kuma hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. A rukuni na 1 za ki tarar da taba sigari, da asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake sakawa a kayan gini), da giya, da hasken rana, da ƙurar katako, da naman da aka sarrafa don ajiya, wanda aka saka a 2015. Zamansu a gida ɗaya ba ya nufin ɓarnarsu ɗaya ce. Taba tana kashe miliyoyin mutane a kowace shekara, naman da aka sarrafa kuwa ƙarin haɗarinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta. Hujjar ce mai ƙarfi a kan dukkansu. A watan Yuli na 2023 IARC ta saka sinadarin zaƙi na asfatem a rukunin 2B, a daidai lokacin da kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar iyakar shansa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ba saɓani suka yi ba. Ɗaya ya amsa ko abin na iya cutarwa, ɗayan ya amsa nawa ne ya yi yawa.

Dokar Kalifoniya ta san da wannan bambanci, shi ya sa ta ba kamfani mafita. Ba sai ya yi gargaɗi ba idan zai iya nuna cewa adadin da ke shiga jikin mutum bai kai wani ma'auni ba. Ga cutar kansa, ma'aunin shi ne adadin da ba zai ƙara fiye da mutum ɗaya mai kansa ba cikin mutum 100,000 da suka yi shekara 70 suna haɗuwa da sinadarin. Don ki ga ƙanƙantar wannan, IARC ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya zai kamu da kansa a rayuwarsa. Ga illar haihuwa kuwa an fi tsanantawa: ana ɗaukar adadi mafi yawa da ba a ga ya yi wata illa ba a gwaji, sai a raba shi gida 1,000. Ta wannan lissafin ne iyakar dalma ta zama rabin maikurogiram a rana (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), ƙurar da ido ba zai iya gani ba.

To a nan ne gizo ke saƙa. Nauyin kawo hujja yana kan kamfani, kuma ba gwamnati kaɗai ke da ikon kai ƙara ba. Kowane mutum ko ƙungiya na iya ba da sanarwar kwana 60, sannan ya maka kamfani a kotu. Tarar tana iya kai wa dala 2,500 a rana kan kowane laifi, mai ƙara yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na tarar, kuma ana biyan lauyoyinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: akwai ofisoshin lauyoyi da wannan ne kaɗai sana'arsu, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin sulhu yakan tafi ne ga kuɗin lauya. Gwajin da zai nuna cewa waya ba ta kai ma'auni ba yana da tsada, shari'a ta fi shi tsada, takarda kuwa kusan kyauta ce. Sai kamfanoni da yawa suka zaɓi su manna ta a kan komai, ko sun gwada ko ba su gwada ba. Haka gargaɗin ya cika wuraren ajiye motoci, da otal-otal, da shagunan kayan ɗaki. A 2018 wani alƙali a Los Anjeles ya yanke cewa kofi ma sai an yi masa gargaɗi, saboda sinadarin akirilamaid da ke fitowa idan an soya 'ya'yansa. Sai da OEHHA ta fito da ƙa'ida a 2019 ta cire kofi, domin binciken da aka yi a kan masu shansa bai nuna yana jawo kansa ba. Wannan lalacewar gargaɗi tana damu na matuƙa, domin ranar da za a manna shi a kan abin da ke da haɗari na gaske, ido ya riga ya saba, ba wanda zai tsaya ya karanta.

An yi ƙoƙarin gyara. Tun daga Agustan 2018 aka ce gargaɗi ya ambaci sunan sinadari aƙalla ɗaya, amma aka bar wani gajeren salo da ba ya ambaton komai, kamfanoni kuwa suka ruga gare shi. Sabuwar ƙa'ida da ta fara aiki a 2025 ta ce shi ma gajeren sai ya faɗi suna, an ba su zuwa 2028 su gama sauyawa. Ki duba takardarki da kyau. Idan akwai suna a kai, kin sami abin da za ki bincika.

Duk da haka ba na cikin masu cewa dokar banza ce. Amfaninta mafi girma ba ya bayyana a kan takarda, domin yana faruwa ne a masana'anta kafin kaya su fito. Kamfanin da ba ya son a ambaci cutar kansa a jikin kayansa yakan canza haɗin. Ta haka aka rage dalma a kawunan famfo na tagulla da kwanukan tangaran, kuma a 2012 Coca-Cola da PepsiCo suka sa aka sauya yadda ake yin launin da ke cikin lemunansu don rage wani sinadari da ya shiga jerin. Waɗanda ba su taɓa taka Kalifoniya ba sun amfana da wannan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, takardar ba hukunci ba ce cewa fitilarki ta fi sauran haɗari, kuma fitilar da ba ta da takarda ba a wanke ta ba. Mai yiwuwa masana'anta ɗaya ce ta yi musu waya.

Yanzu ga batun haramtawa. Akwai abubuwan da ba su haramtuwa. Ba za a hana rana fitowa ba, ba za a hana sassaƙa katako ba. Wasu magungunan kansa su ma suna cikin jerin masu jawo ta, amma marar lafiya yana buƙatarsu. Sinadarin benzin, wanda ke jawo kansar jini, yana cikin man fetur tun daga asalinsa, sai dai a rage shi. A irin waɗannan, aikin hukuma shi ne ta sa iyaka, ta tilasta kariya. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin ba shi da daɗin ji: akwai sinadarai da yawa da ya kamata a hana tun da wuri, aka yi shekaru ana jan ƙafa, saboda doka ta ɗora wa hukuma nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Dubi Amurka. Lokacin da ta kafa babbar dokarta ta sinadaran masana'antu a 1976, sinadarai kusan 62,000 da ke kasuwa aka bari su ci gaba ba tare da an nemi a gwada su ba. Hukumar kare muhalli, EPA, ita aka ce ta tabbatar da haɗari, ta kuma nuna cewa matakin da ta zaɓa shi ne mafi sauƙi ga masana'antu. Ta shafe kimanin shekara goma tana tara hujja kan asbestos, abin da babu likitan da ke jayayya cewa yana jawo kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe huhu. Ta hana shi a 1989. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe mafi yawan haramcin. Bayan wannan kaye hukumar ta yi shekaru masu yawa ba ta sake yunƙurin hana wani tsohon sinadari ta wannan hanya ba. Sai a 2016 aka gyara dokar, kuma sai a Maris na 2024 aka haramta nau'in asbestos na ƙarshe da ake shigowa da shi, alhali Tarayyar Turai ta hana shi tun 2005. Haka aka yi ta kai ruwa rana kan benzin: a 1978 hukumar lafiyar ma'aikata ta rage iyakarsa a iskar wurin aiki daga kashi 10 cikin miliyan zuwa kashi 1, Kotun Ƙoli ta soke a 1980, ba a dawo da iyakar ba sai 1987. Duk tsawon waɗannan shekaru akwai mutanen da ke shaƙarsa sa'a takwas a rana.

Inda aka ga dama kuwa ana yi da sauri. A farkon 1974 aka gano wata kansar hanta da ba kasafai ake gani ba a jikin ma'aikatan wata masana'antar robar PVC a Luwisbil ta jihar Kentaki. Kafin shekarar ta ƙare an rage iyakar iskar binil kulorayid, sinadarin da ake yin robar da shi, daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 1. Masu masana'antu sun ce wannan zai durƙusar da su. Ba su durƙushe ba, sun toshe wuraren da iskar ke yoyo suka ci gaba da aiki, a kan kuɗin da bai kai abin da suka yi hasashe ba.

Tun da ciki gare ki, bari in daɗe kaɗan a kan ɓangaren haihuwa, domin shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai wani maganin kashe tsutsar ƙasa da ake kira DBCP. Tun 1961 aka wallafa gwajin da ya nuna yana motsar da marainan ɓeraye. Aka ci gaba da yin sa. A 1977, a wata masana'anta a garin Latrof na Kalifoniya, ma'aikatan sashen da ake haɗa shi ne da kansu suka fara lura, a hirarsu ta wurin aiki, cewa an daɗe ba wanda matarsa ta haihu a cikinsu. Ba sufeto ne ya gano ba, ba likitan kamfani ba. Su suka nemi a auna maniyyinsu. Cikin maza 25 da aka bincika, 14 ko dai babu ƙwayoyin haihuwa sam, ko sun yi ƙaranci ƙwarai. Ki yi tunanin shekarun da waɗannan gidaje suka yi suna jira, da matan da wataƙila aka ɗora wa laifi. Amurka ta hana yawancin amfani da shi a 1979, amma an ci gaba da zuba shi a gonakin ayaba na ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaraguwa da Filifin, inda dubban ma'aikata daga baya suka shigar da ƙara kan rashin haihuwa. Wannan labarin shi ke sa kullum nake tunatar da mutane cewa illar haihuwa ba ta mata kaɗai ba ce.

Abin da ya sa wannan ɓangare ke da wuyar kamawa shi ne, ba yawan sinadarin kaɗai ke aiki ba, har da lokacin da ya shiga. Maganin talidomaid, da aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya daga 1957 zuwa 1961, bai yi wa iyayen wata illa da za ta tona asirinsa da wuri ba. Amma idan aka sha shi tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, lokacin da gaɓoɓi ke tsirowa, sai a haifi yaro ba hannu ko ba ƙafa. Jarirai kimanin 10,000 abin ya shafa. A Amurka wata jami'ar hukumar magunguna, Dakta Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a ba shi lasisi saboda hujjar da kamfanin ya kawo ba ta gamsar da ita ba, kuma wannan ya ceci ƙasar daga mafi munin bala'in. A 1962 aka tsaurara dokar magunguna a can. Wani maganin, DES, da aka riƙa bayarwa don hana ɓari, illarsa ba ta bayyana ba sai a 1971, a jikin 'ya'ya matan da aka haifa, bayan sun zama 'yammata, a matsayin wata kansa ta al'aura. Dokar da ke jiran a ƙirga waɗanda suka cutu kafin ta motsa za ta makara da shekara ashirin a irin wannan. Shi ya sa nake goyon bayan rabawa gida 1,000 ɗin nan, ko da yake masana'antu na kukan ya yi tsauri.

Tarayyar Turai ta juya nauyin. Dokarta ta REACH, da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 2007, ta ce duk wanda zai yi ko ya shigo da sinadari da ya kai tan ɗaya a shekara sai ya yi masa rajista a hukumar sinadarai da ke Helsinki, tare da bayanan gwaji. Babu bayani, babu kasuwa. Sinadaran da aka tabbatar ko ake da ƙwaƙƙwaran zaton suna jawo kansa, ko lalata ƙwayoyin gado, ko illa ga haihuwa, ana iya saka su a jerin waɗanda ake matuƙar damuwa da su, jerin da yanzu ya haura 240. Daga nan wasu kan koma sai da izini na musamman. Mai saye yana da 'yancin ya tambayi kamfani ko kayansa na ɗauke da ɗaya daga cikinsu fiye da kashi 0.1 cikin 100, kuma dole a ba shi amsa cikin kwana 45. A kayan kwalliya da magungunan feshi an fi tsanantawa, domin shiga wannan rukuni kaɗai kan isa a hana, sai in an sami togaciya. Fitalet ɗin da nake zargin suna cikin wayarki, irin su DEHP, an hana su a kayan wasan yara a can tun 2005, bayan wani haramcin wucin gadi na 1999.

Ina ganin wannan hanyar ta fi adalci, amma ita ma tana da rauninta. Bayanan da kamfanoni ke miƙawa sau da yawa ba su cika ba, kuma tantance sinadari ɗaya kan ci shekaru. Ga kuma matsalar musanya. An hana BPA, wani sinadari da ake amfani da shi wajen yin roba, a kwalaben shayar da jarirai a Turai a 2011, sai masana'antu da yawa suka koma ga ɗan'uwansa BPS, suka rubuta a jikin kwalba cewa babu BPA, alhali bincike ya nuna shi ma yana kwaikwayon sinadaran jiki da ke tafiyar da haihuwa. Wannan ne ya sa yanzu ake ƙoƙarin hana sinadarai dangi-dangi maimakon ɗaya-ɗaya. Sannan masana kansu ba kullum suke haɗuwa ba. A 2023 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin BPA da take ganin jiki zai iya jurewa har ninki 20,000, wasu hukumomin kimiyya, har da na Jamus, suka ce ba su yarda da lissafin ba. Haka ma maganin ciyawa na gilaifoset: IARC ta saka shi a 2A a 2015, Kalifoniya ta saka shi a jerinta a 2017, EPA da hukumomin Turai suka ce ba su ga haɗarin kansa a yadda ake amfani da shi ba, Turai ta sabunta lasisinsa na shekara 10 a 2023, kuma a shekarar ce kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce ba za a tilasta wa kamfanoni rubuta gargaɗin cutar kansa a jikin maganin ba.

Ko haramci ƙarara ba ya aiki da kansa. Tun 1958 Amurka ke da sashen doka da ake kira Delaney, wanda ya ce duk abin da ake ƙarawa a abinci, idan ya jawo kansa ga mutum ko dabba, ba za a amince da shi ba, komai ƙanƙantarsa. An hana wani jan launi mai lamba 3 a kayan kwalliya a 1990 saboda gwajin ɓeraye, amma ya ci gaba da zama a alewa har sai Janairun 2025 aka janye izininsa.

Tsakanin ƙasashe kuwa, akwai yarjejeniyar Stockholm ta 2001, da ta fara da sinadarai 12 masu daɗewa a muhalli irin su maganin ƙwari na DDT da sinadaran masana'antu na PCB, da ta Rotterdam ta 1998, da ta ce a nemi yardar ƙasa kafin a aika mata da wasu sinadarai masu haɗari, da ta Minamata ta 2013 kan zaiba. An sami nasarori na gaske, mafi girma a wurina shi ne kawo ƙarshen fetur mai dalma na motoci a duk duniya a 2021. Amma tun 2006 ake ƙoƙarin saka farin asbestos a jerin Rotterdam, ƙasashe ƙalilan masu haƙo shi, irin su Rasha da Kazakistan, suna hanawa, domin sai kowa ya yarda ake sakawa. Kuma har yanzu ana yin magungunan feshi da aka hana a wata ƙasa a sayar wa wata. Faransa ta kafa dokar hana wannan daga 2022. Ban ga hujjar da za ta sa abin da bai dace da jikin manomin ƙasar da aka yi shi ba ya dace da na wani ba.

A aikace, Malama, inda ya kamata ki sa ido ba fitila ba ce. Hayaƙin taba, ko da na wani ne, da giya, su ne manyan abubuwan da aka tabbatar suna cutar da ɗan tayi, kuma duka biyun suna cikin jerin nan na Kalifoniya. Sai dalma ta manyan hanyoyinta: kankare tsohon fenti, aikin batir, da ƙurar da mai irin wannan aiki ke kawowa gida a tufafinsa. Dalma tana ratsa mabiyiya ta kai ga jariri, tana kuma taruwa a ƙashi ta fito lokacin ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da aka san ba ya illa. Sai man shafawa masu sauya launin fata da ke ɗauke da zaiba. Idan kuma kina aiki da fenti, ko gam, ko sinadaran wanke kaya, ko maganin feshi, ko maigidanki yana yi, ki duba jikin galan ɗin. Akwai alama ta duniya, hoton mutum daga kai zuwa ƙirji da wani abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa, a cikin jan murabba'i da ya tsaya a kan kusurwa. A kusa da ita, ko a takardar bayanin sinadarin da mai sayarwa ya kamata ya bayar, za ki ga lambobi. H350 na nufin yana iya jawo kansa, H340 yana iya lalata ƙwayoyin gado, H360 yana iya cutar da haihuwa ko ɗan da ke ciki. H351 da H361 na nufin ana zargi. Idan kin ga H360 ko H361 a kan abin da kike taɓawa kullum, ki ɗauki hoton rubutun ki kai wa likitar da ke duba cikinki, ki kuma nemi mai wurin aikin ya sauya miki sashe har ki haihu ki gama shayarwa.